Juyayyen aji

Juyayyen aji, wanda ake kira Flipped Classroom da Turanci, wata hanya ce ta koyarwa inda ɗalibi yake fara kallon darasi a bidiyo a gida, sannan ya zo aji ya yi aikin da a da ake ba shi ya je ya yi a gida. Manufar ita ce a rage lokacin da malami yake ɓatawa yana bayani a gaban allo, domin ya samu damar zagayawa yana taimaka wa kowane ɗalibi a inda ya cije.

Tarihi

Tun farkon shekarun 1990 Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, ya fara sa ɗalibansa su karanta darasi kafin su shigo aji, su kuma yi muhawara a tsakaninsu a kan tambayoyin da ya ba su. Ya bayyana tsarin a littafinsa Peer Instruction a shekarar 1997. A 2000, Maureen Lage da Glenn Platt da Michael Treglia suka wallafa maƙala a kan yadda aka juya ajin ilimin tattalin arziki a Jami'ar Miami ta jihar Ohio.

Hanyar ta yi fice ne ta hannun Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kemistiri a sakandaren Woodland Park da ke jihar Colorado a Amurka. Ɗalibansu da yawa suna rasa darasi saboda doguwar tafiya zuwa wasanni, don haka a 2007 suka fara naɗar darussansu suna ɗorawa a intanet. Daga baya suka lura har waɗanda ba su yi fashi ba suna kallo. Sun fitar da littafin Flip Your Classroom a 2012. Bidiyoyin Salman Khan, wanda ya fara ɗora darussan lissafi a YouTube a 2006 ya kuma kafa Khan Academy a 2008, su ma sun taimaka wajen yaɗuwarta.

Yadda ake gudanar da shi

Malami yana naɗar gajeren bidiyo da waya ko kwamfuta, ko ya zaɓo wanda wani ya riga ya yi. Ɗalibi na iya dakatar da shi, ya koma baya, ya maimaita har sai ya gane, ya kuma rubuta tambayoyinsa. Washegari a fara da ɗan gwaji, sannan a shiga warware matsaloli, aikin rukuni ko gwaje-gwaje. Tsawon bidiyon yana da muhimmanci: wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 a kan darussan dandalin edX ya nuna cewa hankalin masu kallo yana raguwa sosai idan bidiyo ya wuce minti 6.

Matsaloli

Babban ƙalubalen shi ne rashin daidaito. Ɗalibin da ba shi da waya, wutar lantarki ko kuɗin data zai shigo aji a bayan 'yan'uwansa, kuma tazarar na ƙaruwa kullum. Bergmann da Sams sun magance wannan ta hanyar kwafa darussa a faifan DVD da filas ga waɗanda ba su da intanet. Haka kuma, idan ɗalibai ba su kalli bidiyon ba, aikin ajin gaba ɗaya ya wargaje. Shirya bidiyo yana cin lokacin malami, kuma masu suka suna cewa lacca marar armashi ba ta gyaruwa don kawai an naɗe ta.