Gabas da Alƙibla: Daga Zariya zuwa Dinder

Tun zamanin da, mai gina ɗakin ibada ba ya aza harsashi sai ya san inda ginin zai fuskanta. A ƙasar Indiya, masu gina haikalin Hindu sukan fara da zana murabba'i a ƙasa, su raba shi gida 64 ko 81, kowane sashe da abin bautar da aka keɓe masa, tsakiya kuwa ta Brahma ce. A Borobudur da ke tsibirin Jaba, mabiya Buddha sun gina dandamali tara a ƙarni na 9, shida masu kusurwa huɗu daga ƙasa, uku kewayayyu daga sama, domin mai hawa ya riƙa barin duniyar sha'awa hawa-hawa. Haka nan Angkor Wat na Kambodiya, wanda Sarki Suryavarman na II ya gina a ƙarni na 12, hasumiyoyinsa biyar suna kwatanta Dutsen Meru, wanda suka ɗauka shi ne cibiyar duniya.

Ga Bahaushe Musulmi, cibiya ita ce Ka'aba, aikin magini kuwa shi ne ya juya ginin ya dube ta. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Kayan aikinsa tubali ne da azara. Da yake azara ba ta iya ƙetare fili mai faɗi, sai ya yi amfani da baka: ana aza azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama su ɗauki tulluwa. Amma duk wannan gwaninta bangon alƙibla take bi, domin shi ke daidaita sahu, sahu kuma shi ke tsara inda ginshiƙai za su tsaya.

Daga Zariya ko Kano, Makka tana gabas ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Saboda haka harshen ya haɗe mahudar rana da alƙibla a kalma guda. Idan aka ce wane ba ya kallon gabas, ana nufin ba ya salla.

Hijira ce ta raba kalmar da ma'anarta. A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na I a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906, inda garin Mai Wurno yake a yau. Daga baya mahajjata da manoma Hausawa suka kafa ƙauyuka a Jazira da gaɓar kogin Dinder, musamman bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga.

A Dinder, Makka ta fi kusa da arewa fiye da gabas. Wanda ya kafa mihirabi yana duban mahudar rana, kamar yadda kakansa ya saba a Sakkwato, ya kauce wa alƙibla da nisa, kuma kuskuren zai shafi sallarsa da yankansa da kwanciyar mamacinsa a kabari. Don haka duk masallacin da Bahaushe ya gina a can sai bangonsa ya juya arewa maso gabas. Ɗalibin da ya tarar da kalmar gabas a tsohon rubutu, ya fara tambayar inda marubucin yake tsaye kafin ya yanke ma'anarta.