Daga Gidan Uwa Zuwa Birnin Gara: Tarihin Zaman Tare a Tsakanin Ƙwari

Duk wanda ya tsaya gaban suri, ko ya leƙa cikin amya, zai ga al'umma mai shugabanci da rabon aiki. Manufarmu a nan ita ce mu bi sawun yadda masana suka gano asalin wannan zama.

A shekarar 1859, Charles Darwin na Ingila ya bayyana cewa halittu kan sauya sannu a hankali, kuma halin da ya taimaki mai shi ya hayayyafa shi ne ke wanzuwa. Sai dai ma'aikatan tururuwa sun tsaye masa a rai, domin ba sa haihuwa. Ta yaya bakarariya za ta gadar da halinta? Amsar da ya bayar ita ce, a dubi dangi gaba ɗaya maimakon ɗaiɗaikun ƙwari.

A 1923, William Morton Wheeler na Amurka ya jera matakan wannan tafiya. Yawancin ƙwari kan saka ƙwai su yi gaba. Wasu, kamar zanzaro, kan gina ɗakin laka su tanadi abinci kafin su tafi. Wasu kuwa kan zauna su yi reno har 'ya'ya su girma. Daga nan ne 'ya kan ƙi barin gida, ta tsaya taya uwa renon ƙannenta.

W. D. Hamilton ya kawo lissafi a 1964. A wajen zuma da rina da tururuwa, namiji daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa. Saboda haka mata 'yan uwa ɗaya uba ɗaya sun yi tarayya a kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gado, alhali tsakanin uwa da 'yarta rabi ne. Ashe renon ƙanwa yana iya fin haihuwa riba.

Amma gara ta kawo cikas, don ba ta da irin wannan tsarin gado. Sarki da sarauniya gare ta, ma'aikatanta kuma maza da mata ne. Binciken ƙwayoyin gado na 2007 ya tabbatar da cewa gara reshe ce daga dangin kyankyaso. Makusancinta shi ne wani kyankyaso mai suna Cryptocercus, mai zama cikin ruɓaɓɓen itace a Arewacin Amurka da Gabashin Asiya. Jariransa ba sa iya narkar da itace sai iyaye sun shayar da su wani ruwa daga hanjinsu, mai ɗauke da ƙananan halittu masu yin wannan aiki. Wannan larura ce ke riƙe iyalin wuri guda na tsawon shekaru.

Bugu da ƙari, wani nazari na 2008 ya nuna cewa kakannin zuma da rina da tururuwa masu zaman tare da namiji ɗaya tak suke barbara, wato ma'aikatan farko shaƙiƙan juna ne.

Har yau masana suna muhawara kan nauyin da ya kamata a ba lissafin Hamilton. Abin da hujjoji suka fi nunawa dai shi ne reno ya riga mulki zuwa. Surin da ya fi mutum tsawo ya samo asali ne daga iyaye biyu da suka zauna da 'ya'yansu cikin kogon itace.