Laccar intanet tsakanin jami'o'in ƙasashe daban-daban: yadda take a arewacin Kamaru

Laccar intanet ta haɗin gwiwa tsari ne da malamai biyu daga ƙasashe biyu suke haɗa ɗalibansu a aji guda ta bidiyo, kowa yana garinsu. Galibi darasin kan ɗauki makonni kaɗan, kuma akan zaɓi matsalar da ta shafi duniya baki ɗaya, kamar sauyin yanayi, ƙaura ko lafiyar jama'a. Bayan lacca, akan raba ɗaliban zuwa ƙananan rukunoni masu gauraye, su yi aiki ɗaya tare.

Asali

Bankin Duniya ya ƙaddamar da Jami'ar Intanet ta Afirka a 1997, wadda daga baya ta kafa hedikwata a Nairobi. A 2009 Indiya ta buɗe wani shiri da ya riƙa kawo laccocin jami'o'inta zuwa ƙasashen Afirka ta tauraron ɗan'adam. Salon haɗa aji da aji kuwa, wanda ake kira COIL, ya bunƙasa ne a Jami'ar Jihar New York da ke Amurka. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar jami'o'i ta AUF, wadda aka kafa a Montreal a 1961, ita ce kan gaba wajen shirya karatu daga nesa.

Arewacin Kamaru

Yankin na da jami'o'in gwamnati uku: ta Ngaundare (1993), ta Marwa (2008) da ta Garwa (2022). Ga ɗan Mindif, garin da ke yankin Mayo-Kani kimanin kilomita 25 daga Marwa, Jami'ar Marwa ce mafi kusa. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin raba wa ɗalibai kwamfutoci 500,000 da gina cibiyoyin fasahar zamani a jami'o'in gwamnati, da rancen sefa biliyan 75 daga China. Rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona ya tilasta wa malamai da dama koyar da darasi ta waya da intanet.

Amfaninta

Ɗalibin da ba shi da halin biyan kuɗin jirgi ko neman biza yana iya zama aji ɗaya da takwarorinsa na Faransa, Kanada ko Najeriya. Kuma ba saurare kaɗai ke kai shi ba. Idan ana batun janyewar ruwan Tafkin Chadi, ko ambaliyar kogin Logone, ko rayuwar 'yan gudun hijira a sansanin Minawao da aka buɗe a 2013, shi ne ganau, sauran jiyau. Mai jin Hausa da Fulatanci da Faransanci kuma yana iya tattaro bayanai daga bakin manoma da makiyaya, abin da ɗalibin waje ba zai iya ba.

Cikas

Babbar matsala ita ce wuta. Arewa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo mai ƙarfin megawat 72, wadda ƙarfinta kan ragu idan ruwa ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage wahalar, amma ƙauyuka da yawa har yanzu a duhu suke. Bidiyo na cin data sosai, ga kuma harshe: yawancin irin waɗannan darussa da Ingilishi ake yin su, alhali da Faransanci aka karantar da ɗaliban yankin.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne wanda ake naɗar lacca don a saurara daga baya, ake tara ɗalibai a ɗaki guda mai wuta, kuma ake ƙirga makin darasin cikin sakamakon ɗalibi. Kafin ɗalibi ya yi rajista, yana da kyau ya tambayi waɗannan abubuwa uku, sannan ya tabbatar jami'arsa ta amince da shirin.