Fada Kukah da Rahoton da Aka Binne

Ban wuce shekara goma sha ɗaya ba lokacin da na fara ganin Fada Matthew Hassan Kukah, a akwatin talabijin ɗin wani maƙwabcinmu a Utai. Shekarar 2001 ce. Idan an yi sa'a da wuta, bayan sallar isha'i ake fito da akwatin ƙofar gida, manya su baje a tabarma, mu yara mu tsugunna a bayansu. Tashar NTA ce ke nuna zaman kwamitin Oputa, kuma ba kowa ya tara jama'ar ba sai Manjo Hamza Al-Mustapha, tsohon babban dogarin Janar Abacha, wanda bakinsa ba ya mutuwa. Turancin ya fi ƙarfin yawancinmu, sai wani malamin firamare ke yi mana tafinta. A teburin masu sauraron ƙara, kusa da tsohon alƙalin da ke shugabanta, akwai wani mutum cikin shigar limaman Katolika. Wani dattijo ya nuna shi da carbi, ya tambaya me ya kawo limamin coci cikin shari'ar sojoji. Malamin bai amsa ba, domin Al-Mustapha ya riga ya ci gaba da magana.

Yau mafi yawan masu karanta wannan shafi sun san Kukah ne ta saƙonninsa na Kirsimeti, waɗanda kusan kowace shekara sai sun ta da ƙura a Arewa. Amma duk wanda ya fara labarin daga can ya shigo shi ne ta wutsiya. Tambayar dattijon nan ita ce mafarin da ya dace.

An haifi Kukah a 1952 a Anchuna, cikin ƙasar Ikulu, a ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta jihar Kaduna. Ya yi karatun limanci a Jos, aka naɗa shi Fada a 1976. Daga baya ya karanci ilimin zaman lafiya a Jami'ar Bradford da ke Ingila, ya kuma yi digirin digirgir a Jami'ar Landan. Binciken da ya yi can ne ya zama littafinsa na 1993, Religion, Politics and Power in Northern Nigeria, a kan yadda masu mulkin Arewa suka yi amfani da addini wajen riƙe iko. Shekara guda kafin fitowar littafin, a 1992, aka yi rikicin Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawan garin, aka yi asarar rayuka masu yawa, jinin ya fantsamo har Kaduna da Zariya. Wato mutumin bai koyi batun addini da mulki daga littafi kaɗai ba, a ƙofar gidansu ya gan shi.

Daga 1994 ya zama babban sakataren ofishin cocin Katolika na ƙasa da ke Legas, daidai lokacin da mulkin Abacha ke ƙara tsananta. Wanda bai ga shekarun nan ba zai yi wuya ya gane yadda bakuna suka mutu. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. An harbe Kudirat Abiola a kan titin Legas a Yunin 1996. Bagauda Kaltho, ɗan jarida daga Arewa, ya ɓace a wannan shekarar, iyalinsa ba su sake ganin sa ba. Shehu Musa 'Yar'adua ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. An rufe jaridu, an rusa shugabancin ƙungiyar ƙwadago, 'yan siyasa kuma da yawansu sun koma maroƙan Janar. A irin wannan yanayi cocin Katolika na da abin da wasu ba su da shi: soja ba ya iya rushe ta da dokar soja, kuma tana da kunne a Rum. Taron bishop-bishop ya riƙa fitar da sanarwar neman a saki fursunonin siyasa a koma mulkin farar hula, Kukah kuma yana cikin muryoyinsu da aka fi ji a jaridu. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Najeriya a Maris 1998, tawagarsa ta miƙa wa gwamnati sunayen fursunoni kusan 60 tana roƙon a sake su. Abacha ya rasu a watan Yuni bai sake su ba.

Limamin Kirista a fagen neman haƙƙin jama'a ba baƙon abu ba ne a duniya. Wanda aka fi sani shi ne Martin Luther King, faston Baftis da ya jagoranci baƙar fatar Montgomery suka ƙaurace wa motocin haya na birnin fiye da shekara guda daga Disambar 1955, wanda kuma ya zo Legas a Nuwambar 1960 wajen rantsar da Azikiwe. Sai dai hanyar King ta titi ce: jerin gwano, kulki, kurkuku. Kukah bai bi ta nan ba. Ya fi kama da Babban Bishop Isidore de Souza na Kwatano, wanda ya shugabanci taron ƙasa na Jamhuriyar Benin a Fabrairun 1990 har Janar Kerekou ya yarda da zaɓe, ko kuma Desmond Tutu a kwamitin gaskiya da sasantawa na Afirka ta Kudu. Waɗannan limaman zauren taro ne. Ana kiran su idan ƙasa ta rasa wanda kowane ɓangare zai yarda ya zauna a tsakiya. Mu Hausawa ma abin bai kamata ya yi mana baƙunta ba. Malamin da ke faɗa wa sarki gaskiya tsohon mutum ne a tarihinmu, tun daga Shehu Usmanu da ya yi tir da harajin zalunci na sarakunan zamaninsa, har zuwa Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Abin da ya ba dattijon Utai mamaki shi ne rigar, ba aikin ba.

Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam a Yunin 1999, makonni biyu bayan hawansa mulki, ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli. Bayan an faɗaɗa hurumin, an ɗora masa duba abin da ya faru tun daga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 har zuwa ƙarshen mulkin soja a Mayun 1999. Cikin mambobin akwai Kukah, akwai kuma Elizabeth Pam, wadda aka kashe mijinta, Laftanar Kanar James Pam, a daren juyin mulkin farko. Koke kusan 10,000 suka iso, mafi yawansu daga ƙasar Ogoni. Kaɗan ne ƙwarai aka saurara a bainar jama'a, a zaman da aka yi a Abuja da Legas da Fatakwal da Inugu da Kano, daga ƙarshen 2000 zuwa ƙarshen 2001.

Abin da ya faru a zaurukan nan ba a taɓa ganin irinsa a Najeriya ba. Mutanen da aka azabtar a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka tsaya ido da ido da waɗanda suka ba da umarnin. Janar-janar da jiya ba a iya ambatar sunansu sai da raɗa suka riƙa tona asirin juna a gaban kyamara. Shugaban ƙasa mai ci, Obasanjo, ya zo da kansa ya amsa tambayoyi kan farmakin da sojoji suka kai gidan Fela a 1977, lokacin yana shugaban mulkin soja. Amma kwamitin an haife shi da rauni. Na Tutu yana da ikon yafe wa mai laifi idan ya faɗi gaskiya duka, don haka akwai abin da zai sa mutum ya buɗe baki. Na Oputa ba ya yafewa, ba ya hukuntawa. Abin da ya rage masa shi ne sauraro da rubutawa da sulhu, kuma a nan ne amfanin limami ya fito. Mutum ne da sana'arsa ta saba masa da zama ya ji abin da ke ci wa wani rai ba tare da ya katse shi ba. Kwamitin ya sasanta ɓangarorin Ogoni da ke gaba da juna, kuma ba mamaki da a 2005 Kukah ne Obasanjo ya naɗa ya shiga tsakanin Ogoni da kamfanin Shell.

Mutum uku suka ƙi amsa kira, dukansu tsofaffin shugabannin ƙasa, dukansu 'yan Arewa. An nemi Janar Babangida kan kisan ɗan jarida Dele Giwa da wasiƙa mai bam ranar 19 ga Oktoba 1986, ƙarar da lauya Gani Fawehinmi ya kai. An nemi Janar Buhari kan mutum uku da aka harbe a 1985 bisa laifin safarar ƙwaya, da dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. An nemi Janar Abdulsalami kan mutuwar Abiola a tsare a Yulin 1998. Babangida ya garzaya kotu. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Mayun 2002, a farkon 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin mulkin 1999 bai ba gwamnatin tarayya ikon kafa irin wannan kwamitin bincike mai tilasta halarta ba a wajen Abuja. Gwamnati ta fake da hukuncin ta ajiye rahoton. Ƙungiyoyin farar hula ne suka saka shi a intanet a Janairun 2005. Ni a ganina kotu ba ta hana Obasanjo buga takarda ba. Zaɓen 2003 na gabansa, kuma yana buƙatar manyan da rahoton ya taɓa.

Kukah ya rubuta abin da ya gani a littafinsa na 2011, Witness to Justice, a shekarar da aka naɗa shi Bishop na Sakkwato. A shekarar ce kuma rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa, bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. An kashe Kiristoci da 'yan bautar ƙasa a wasu garuruwa, an kashe ɗaruruwan Musulmi a Zonkwa da kewayenta, wato a ƙasar Kukah.

Abin da ya biyo baya shi ne sashen labarin da ya fi tsaya mini a rai. Gabanin zaɓen 2015, da kowa ke tsoron a maimaita 2011 ko abin da ya fi shi, Kukah ya tara manyan ƙasa aka kafa Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Kadinal John Onaiyekan a ciki. Shugaban kwamitin shi ne Janar Abdulsalami. Ɗaya daga cikin manyan 'yan takara biyu da suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, a Janairu sannan a Maris, shi ne Janar Buhari. Biyu ke nan daga cikin ukun da suka ƙi zuwa gaban Oputa. Jonathan ya kira Buhari a waya ranar 31 ga Maris ya taya shi murna, ba a zubar da jinin da ake tsoro ba, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan. Amma da kwamitin ya ziyarci Buhari a Agustan shekarar, Kukah ya yi magana kan a bi a hankali wajen binciken gwamnatin da ta sauka, mutane da yawa suka ji kamar roƙo yake yi wa manya. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Matar da aka kashe mijinta a tsare, ba a taɓa faɗa mata wanda ya yi ba, tana da damar tambaya ko nata zaman lafiyar ake nufi. Limamin zaure ba shi da abin aiki sai yardar masu iko su zauna da shi, kuma yardar nan ba kyauta ake ba da ita ba. King bai biya irin wannan kuɗi ba, nasa ya biya da ransa a Memphis a 1968.

Ba kuma zan ɓoye ba, akwai lokutan da harshen Kukah ke yi wa Musulmin Arewa kuɗin goro, ya haɗa talakan Wudil da ba ya da na cefane da masu rabon muƙamai a Abuja cikin jimla guda. Wanda ya rubuta littafi a kan yadda manya ke cin amanar talaka da sunan addini ya fi kowa sanin bambancin. A saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya zargi Buhari da fifita 'yan yankinsa da addininsa, ya kuma ce da wani shugaba ne wanda ba Musulmin Arewa ba ya yi kaɗan daga wannan, da tuni an yi juyin mulki. Wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar jihar. Fadar shugaban ƙasa ce, ta bakin Malam Garba Shehu, ta fito ta ce tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a inda ya ga dama. Gwamnatin mutumin da ya ƙi amsa kiran kwamitin haƙƙin ɗan Adam ita ta kare haƙƙin ɗan kwamitin da ke sukar ta.

Kukah bai bar Sakkwato ba. A 2027 zai cika shekara 75, lokacin da dokar cocinsa ta ce bishop ya miƙa takardar ajiye aiki. Mai Shari'a Oputa ya rasu a 2014, Gani Fawehinmi tun 2009. Shugabannin ƙasa huɗu sun hau bayan Obasanjo, ciki har da ƙanen Shehu 'Yar'adua, babu wanda ya fitar da rahoton da sunan gwamnati.