Karatun Kemistiri da Jarrabawar Gwaji a Garwa da Arewacin Kamaru

Tun kafin a gina makarantar boko ko ɗaya a bakin kogin Binuwai, mutanen Garwa suna aiki da sinadarai kowace rana, ko da yake ba su kira su da wannan suna ba. Fatake suna sauko da kanwa daga wajen Tafkin Chadi. Marina suna jiƙa baba da toka a cikin rami, su tsoma zane ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya zama shuɗi. Mata kuwa suna tace ruwan toka, su dafa shi da mai, ya zama sabulu. Waɗannan ayyuka uku suna cikin manhajar kemistiri ta manyan azuzuwan sakandare a yau. Amma an daɗe ƙwarai kafin ɗan makaranta na arewa ya sami damar yin su da hannunsa a ɗakin gwaji.

Jamusawa sun ci Garwa a shekara ta 1901, sojojin Ingila da na Faransa kuma suka ƙwace ta a 1915. Daga nan arewacin Kamaru ya zauna a hannun Faransa har ranar 1 ga Janairu 1960. A zamanin nan duka, makarantu sun fi yawa a kudu, inda mishan suka fara aiki tun ƙarni na 19. Mishan na Lutheran ba su iso arewa ba sai cikin shekarun 1920, limaman Katolika na ƙungiyar Oblat kuwa sai 1946, ƙarƙashin Yves Plumey wanda ya zama bishop na farko na Garwa. Ahmadu Ahijo kansa, ɗan Garwa da aka haifa a 1924, sai da ya tafi Yawunde domin ya ƙara karatu gaba da firamare. Makarantun sakandare na arewa, irin su ta gwamnati a Garwa da kwalejin Mazenod a Ngaundere, sun zo a makare, kuma kaɗan ne.

Bayan haɗewar ƙasar a 1961, Kamaru ta riƙe tsarin makaranta iri biyu. A tsarin Faransanci, wanda yawancin 'yan arewa suke bi, ɗalibi yana yin shekara 7 a sakandare. Yana rubuta Probatoire a aji na shida, sa'an nan Baccalauréat a aji na ƙarshe. Masu son kimiyya suna shiga sashen C ko sashen D. A tsarin Ingilishi kuwa ana yin shekara 5 a rubuta GCE na farko, a ƙara shekara 2 a rubuta na gaba. Dā daga Landan ake shirya wannan jarrabawa, sai a 1977 Kamaru ta karɓe ta. A 1993, bayan gwagwarmayar malamai da iyaye, aka kafa hukumar GCE a Buea, a shekarar nan kuma aka kafa ofishin Baccalauréat. A Garwa da Marwa da Ngaundere, makarantu masu harshe biyu ne suke koyar da tsarin Ingilishi.

Bambancin tsarin nan biyu ya fi fitowa a wajen gwaji. A GCE na gaba akwai takarda ta musamman wadda ɗalibi yake tsayawa gaban tebur ya yi aikin da hannunsa. A Baccalauréat kuwa an daɗe ana tambayar aikin gwaji a rubuce: a ce wa ɗalibi ya zana kayan aiki, ya faɗi sunayensu, ya yi lissafi da alƙaluman da aka ba shi. Saboda haka yana yiwuwa yaro ya ci jarrabawar da maki mai kyau, alhali bai taɓa riƙe kayan da ya zana ba.

Babbar tambayar gwaji ita ce awon ƙarfin sinadari a cikin ruwa, wanda masu Faransanci suke kira dozaj, masu Ingilishi kuwa taitireshan. Asalinsa daga masu sana'ar tufafi ne. A 1791 wani Bafaranshe mai suna Descroizilles, a birnin Ruwan na masu saƙa, ya ƙera bututun gilashi mai ma'auni domin gwada ƙarfin ruwan wanke zane. Gay-Lussac ya gyara shi a 1824, wani Bajamushe kuma, Karl Friedrich Mohr, ya ƙara gyara shi, ya rubuta littafi a kan aikin a 1855. Wannan bututu shi ne biret da ake gani a makarantu.

Ga yadda tambayar takan kasance. Ana ba ɗalibi ruwan sodiyam kabonet, watau babban sinadarin da yake cikin kanwa. Ya ɗebi mililita 25 daidai, ya ɗiga masa wani rini mai nuna alama, ruwan ya zama rawaya. Sa'an nan ya riƙa sakin asid daga biret, ɗigo-ɗigo, yana girgiza kwalba, har launin ya juya zuwa ruwan lemo. A ce asid ɗin haidirokulorik ne mai ƙarfin mol 0.1 a kowace lita, kuma mililita 20 ya ci. Mol 0.002 ke nan na asid. Da yake mol 2 na asid ne suke cinye mol 1 na kabonet, akwai mol 0.001 a cikin mililita 25, watau mol 0.04 a lita. Nauyin mol ɗaya giram 106 ne, don haka amsar ita ce giram 4.24 a kowace lita. Lissafin ba shi da wuya. Abin da yake kā da ɗalibai shi ne hannu da ido, gama ɗigo biyu na ƙari sun isa su ɓata amsa, kuma dole a maimaita awon har sakamako biyu su yi kusan daidai.

Kashi na biyu shi ne gane sinadarin da ba a faɗi sunansa ba. Idan an zuba asid ya yi kumfa, iskar kuma ta mai da ruwan farar ƙasa kamar madara, kabonet ne. Idan an zuba ruwan soda mai ƙuna aka ga guda-guda shuɗi, akwai tagulla; idan kore ne ko ja-ja kamar tsatsa, akwai baƙin ƙarfe. Ana ba da maki a kan abin da ɗalibi ya gani ya rubuta. Wanda ya haddace launuka daga littafi yakan rubuta abin da yake tsammani, mai duba takarda kuwa yakan gane.

Dalilan da suka hana makarantun arewa da yawa yin wannan aiki ba ɓoyayyu ba ne. Gilashi da sinadarai daga ƙasashen waje suke zuwa, su sauka a Duwala, su bi jirgin ƙasa wanda bai kai Ngaundere ba sai 1974, daga can a ɗora su a mota zuwa Garwa. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce awo 40, alhali an tsara ma'aunin gilashin ne bisa awo 20, waɗansu sinadarai kuma suna tsiyayewa cikin iska. Ana bukatar tataccen ruwa, gama ruwan famfo yana ruɗa gwaji. Sa'an nan tattalin arzikin ƙasar ya karye daga tsakiyar shekarun 1980. An rage albashin ma'aikata a 1993, a Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan waje ya ninka. Malamai da yawa suka koma zana biret a allo da alli.

Amma arewa tana bukatar waɗanda suka iya awo da gaske. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, yana matse mai daga 'ya'yan auduga. Akwai masana'antar siminti a Figil, da ɗakin binciken magungunan dabbobi na ƙasa a Bokle kusa da Garwa, ga kuma asibitoci da wuraren tace ruwan sha. A waɗannan wurare kuskuren awo yana jawo hasarar dukiya, wani lokaci har ta rai.

An sami ci gaba daga baya. Jami'ar Ngaundere ta tsaya da ƙafafunta a 1993, tana da makarantar kimiyyar sarrafa abinci. An buɗe Jami'ar Marwa a 2008 tare da babbar makarantar horon malamai, aka kafa Jami'ar Garwa a 2022. Yanzu ana iya horar da malamin kemistiri a arewa, ba sai ya tafi Yawunde ba. Sauran aikin yana wuyan masu riƙe da makarantu, na gwamnati da na ikkilisiya, da kuma iyaye. Biret kaɗan, da ma'auni, da asid, da kanwar kasuwa sun isa a fara. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ɗalibin da ya ga launi ya juya a hannunsa sau ɗaya kuwa ba ya mantawa da shi ranar jarrabawa.