Yadda Labarin Perpetua da Felicity Ya Iso Borno

A shekarar 1257 Sarkin Kanem ya aika wa mai mulkin Tunis kyautar raƙumin dawa, mutanen gari suka yi dafifi suna kallo. Kusa da wannan birni, a bakin teku, kangon Kartaj yake. A can ne, shekara dubu da ɗoriya kafin zuwan wancan ayari, aka taru kallon wasu dabbobin na daban, waɗanda aka saki a kan 'yan Adam.

Shekarar 203 ce. Kaisar Septimius Severus, wanda shi kansa haifaffen Libiya ne, yana kan gadon mulkin Rum. Gwamnati ba ta cika damuwa da abin da ke zuciyar mutum ba, abin da take nema shi ne ya miƙa hadaya domin lafiyar Kaisar. Kiristoci suka ƙi. Daga cikin waɗanda aka kama akwai matasa biyar masu shirin karɓar baftisma: Revocatus, Saturninus, Secundulus, da wata baiwa mai suna Felicity, mai ciki wata takwas, sai Perpetua, 'yar babban gida, mai kimanin shekara 22, tana goyon ɗa namiji. Malaminsu Saturus ba ya nan lokacin kamun, sai ya kai kansa, don kada ɗalibansa su mutu su bar shi. Suna tsare aka yi musu baftisma.

Perpetua ta rubuta abin da ya same ta a kurkuku, kuma rubutun nata na cikin mafi tsufa da ya rage mana daga hannun mace Kirista. Wanda ya karanta zai ga ba namun daji ne suka fi tsaya mata a rai ba. Jaririnta ne, da tsohonta. Ta faɗi duhun ɗakin da zafinsa da cunkoso, da yadda yaron ya rame don yunwa, har sai da masu hidimar ikkilisiya biyu, Tertius da Pomponius, suka ba masu gadi na goro aka bari ta shayar da shi. Da aka yarda yaron ya zauna tare da ita, sai hankalinta ya kwanta, kurkukun ya daina yi mata nauyi.

Mahaifin nata ba Kirista ba ne, kuma yana ƙaunarta fiye da 'yan'uwanta maza. Ya zo da faɗa, ya dawo da lallashi. Ya sumbaci hannunta, ya zube a gabanta yana kuka, yana roƙon ta dubi furfurarsa, ta dubi uwarta da ɗanta. Ranar shari'a ya zo ɗauke da jaririn. Alƙali Hilarianus ya sa aka doke shi da sanda a gaban jama'a saboda ya ƙi matsawa, ita kuwa ta ce dukan ya yi mata zafi kamar a jikinta ya sauka. A ƙasarmu, inda albarkar iyaye ta fi dukiya, wannan wurin ne ya fi ciwo, domin yarinyar ba ta raina ubanta ba, ba ta kuma yi abin da ya roƙa ba. Ni a ganina duk wanda ya ba da labarin ya mai da dattijon nan mugu, ya zalunce shi.

Damuwar Felicity daban ce. Dokar Rum ta hana kashe mai ciki, don haka tana tsoron a tafi da abokanta a bar ta, daga baya a kashe ta cikin masu laifi. Suka haɗu suka yi addu'a, naƙuda ta kama ta, ta haifi 'ya mace, wata 'yar'uwa a cikin ikkilisiya ta ɗauka ta raina. Secundulus kuwa a kurkuku ya rasu.

An fito da sauran fage a bikin zagayowar ranar haihuwar Geta, ɗan Kaisar. Aka so a sa musu kayan bayin gumaka, Perpetua ta ƙi, aka ƙyale su. Mazan aka sakar musu damisa da beyar da aladen daji, matan kuma wata mahaukaciyar karsana. Da ta yi sama da Perpetua ta faɗi, sai ta ja yagaggiyar rigarta ta rufe cinyarta, ta ɗaure gashinta, ta je ta ɗaga Felicity suka tsaya tare, 'yar babban gida da baiwa. Takobi ne ya ƙarasa su. Haunin da aka ba Perpetua sabon shiga ne, hannunsa na rawa, ita ta kama ta kai takobin wuyanta.

Daga nan labarin ya bazu. An gina babban coci a kan kabarinsu a Kartaj, kuma a 1907 Fada Delattre ya tono dutsen da ke ɗauke da sunayensu. Kalandar Rum ta 354 ta riga ta sa 7 ga Maris a matsayin ranarsu. Augustine, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yi wa'azi a kansu fiye da sau ɗaya, har ya ja kunnen mabiyansa cewa littafin Perpetua ba Littafi Mai Tsarki ba ne, saboda yawan girmama shi da suke yi.

Sai dai labarin bai biyo ayarin Sahara ba, duk da hanyar Fezzan da Kawar ta fi kusa. Ikkilisiyar Arewacin Afirka ta yi ta raguwa bayan faɗuwar Kartaj a 698 har ta ɓace, sunayen matan biyu kuma suka ci gaba da rayuwa a Turai, cikin addu'ar farko ta Yukaris, wadda ake ambatonsu a ciki har yau. Ta teku suka komo Afirka. Limaman ƙungiyar Augustine daga Ailan ne suka kafa aikin Katolika a arewa maso gabashin Najeriya. Maiduguri ta zama yankin ikkilisiya mai cin gashin kansa a 1953, ta zama dayosis a 1966, da Timothy Cotter, ɗan wannan ƙungiya, a matsayin bishop na farko. Ta hannunsu ne Margi da Higgi da Bura da sauran masu sujada a unguwannin Gomari da Bulumkutu na Maiduguri suka gaji waɗannan sunaye, wasu har suna raɗa wa 'ya'yansu mata ranar baftisma. Tun daga 2009, shekarar da Oliver Dashe Doeme ya karɓi dayosis ɗin kuma rikicin Boko Haram ya ɓarke, an ƙone coci-coci da masallatai, kuma iyalai da yawa a waɗannan unguwanni, Kirista da Musulmi, sun binne nasu.