Aikin Gayya a Ƙasar Gwarzo da Kabo

A ƙauyukan yammacin Kano irin su Masanawa, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, a da aikin gona ya dogara ne kan tsari biyu. Na farko shi ne gandu, wato gonar da maigida ke nomawa tare da 'ya'yansa da ƙannensa, shi kuma ya ɗauki nauyin cinsu da harajinsu da aurensu, ya kuma yanka wa kowa gayauna da zai noma wa kansa. Na biyu shi ne gayya, wadda ake kira idan aiki ya fi ƙarfin mutanen gida, musamman lokacin noman firi da maimai, sa'ad da jinkirin mako guda kan sa ciyawa ta cinye gero da dawa.

Yawan jama'a kaɗai bai isa ya bayyana nasarar gayya ba, domin tana da shugabanci da ƙa'ida. Mai gona yakan kai goro ga sarkin noma ko sarkin samari, shi kuma ya tsayar da rana. Idan ranar ta zo samari sukan jeru da fartanyoyinsu, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi na biye da su da gangar noma yana yi wa gwanaye kirari, 'yan mata kuma na kawo fura suna lura da wanda ya riga kai bakin gona. Ba a biyan kowa ko kwabo, sai dai a ci a ƙoshi, amma wanda ya ƙi amsa gayyar wani ya san ranar tasa ba zai ga kowa ba. Tsarin bai rasa aibi ba, don gasa kan jawo aikin gaggawa, kuma mai halin ciyar da mutane da yawa shi ya fi cin moriyarsa.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗi, ga haraji da ake biya da tsabar kuɗi, sai ƙwadago ya riƙa maye gurbin gayya a gona, daga baya garmar shanu da maganin ciyawa suka ƙara rage buƙatarta. Inda ta fi wanzuwa yanzu shi ne gyaran hanya da sharar maƙabarta da yasar magudanan ruwa, a hannun ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu shugaba da sakatare da ma'aji.